Wa Ya Ci Iyakar Wa?

Jama'a, duk lokacin da hukuma ta tashi rushe rumfunan kasuwa, akwai abin da ke riga katafila isowa, watau kalma. Sai ku ji sanarwa a rediyo, wai waɗansu mutane sun mamaye bakin titi, waɗansu sun yi kutse a filin gwamnati, an ba su kwana bakwai su tashi. To, daga ranar da aka laƙaba muku wannan suna an gama shari'a tun ba a zauna ba. Mai sayar da tumatir da ya shekara ashirin a wuri guda, yana biyan kuɗin rumfa ana yanka masa rasit, sai ya wayi gari ya zama ɗan mamaya, sai ka ce shi ya zo da igwa. Tun da da kalma ake fara yanka mu, ya kamata yau mu zauna mu duba wuƙar da kyau.

Bahaushe bai rasa sunan kowace irin shiga haƙƙin wani ba, kuma bai cakuɗa su ba. Hari shi ne mahaya su faɗo wa gari da asuba, su kwashi mutane da dabbobi, su juya kafin rana ta take. Mai hari ba ya zama. Farmaki auka wa mutum ne da ƙarfi gaba da gaba. Samame na hukuma ne, ko na wanda ya ɗauki kansa hukuma. Shisshigi da katsalandan aikin baki ne da ƙafa, a shiga sha'anin da ba a kira ka ba. Kutse kuwa cusa kai ne inda mai gida bai yi maka izini ba, kamar mai turmutsawa gidan biki babu gayyata, shi ya sa yau ake kiran ɓarayin da ke shiga asusun bankin mutane ta kwamfuta masu kutse. Mamaya ita ce babbarsu. Asalinta a zo wa mutum babu shiri, domin haka in baƙo ya faɗo maka babu aike kakan ce masa, "Ai ka mamaye ni." Daga nan ta zama a rufe wuri ruf a zauna a kansa, kamar yadda fara ke mamaye gona, ko ruwa ya mamaye gari.

Ku riƙe abu biyu a nan, za su yi mana amfani gaba. Ba a mamaya sai da ƙarfi ko da yawan da ya fi ƙarfin mai wuri. Ba a kutse kuma sai in akwai mai gidan da bai yarda ba.

Amma wadda ta fi duka mugunta ita ce wadda ba ta da ƙara, watau cin iyaka. Kowane manomi a cikinku ya san ta. Maƙwabcinka ba ya zuwa da takobi, da sallama yake zuwa, ku gaisa, ya tambayi iyali. Bana in ya zo huɗa sai ya ƙara kunya ɗaya ta wajenka. Ka gani, ka ce kunya ɗaya ba ta isa a ɓata zumunci ba. Baɗi ya tumɓuke gamban da kakanninku suka shuka a kan iyaka, ya ce wai tana ɓoye macizai. Shekara ta uku ya dasa bi-ni-da-zugu a sabon wuri. Kafin shekara goma tsamiyar da ka gada ta koma cikin gonarsa, 'ya'yansa sun tashi suna rantsuwa da gaskiyarsu cewa tasu ce, domin tun da suka buɗe ido a nan suka gan ta. Ran da ka je tsinkar tsamiyarka, kai ne ɓarawo. Ku dubi kalmar da Bahaushe ya zaɓa wa wannan aiki: ci. Ita ce dai ta cin gari da yaƙi, da cin amana, da cin hanci, da cin zali. Abin da aka ci ya shiga ciki, ba ya dawowa da kamanninsa.

To, abin da muke ƙara a kai shi ne masu mulki suna da mudu biyu. Ku 'yan kasuwa kun san hukuncin wanda aka kama yana saye da babban mudu yana sayarwa da ƙarami. In talaka ya matsa da tirensa taku ɗaya, a auna shi da babban mudu a ce mamaya. In babba ya haɗiye ƙasa guda, a ɗauko ƙaramin mudu a ce kariya, ko raya ƙasa, ko amfanin jama'a. Wannan sana'a kuwa ba yau aka fara ta ba, kuma mun san wurin wanda aka koye ta.

A 1884 zuwa 1885 Turawa suka zauna a birnin Balin na Jamus suna shirya yadda za su raba Afirka ba tare da sun yaƙi juna ba, babu Bahaushe ko Babarbare ko Banufe ko ɗaya a ɗakin. Ran 1 ga Janairu 1900, a Lakwaja, Lugard, wanda kakanninmu ke kira Gwamna Lugga, ya ɗaga tutar Ingila ya ce Arewa duka ta shiga hannunsu, alhali kuwa mafi yawan ƙasar ko ƙafarsa bai taɓa sawa ba. Wane suna ya ba ta? Waɗanda suka ɗan zauna a benci a cikinmu suka koyi Turanci sun karanta takardun, sunan da ya ba ta ma'anarsa ƙasar da ake karewa. Kariya daga wa? Daga Faransa da Jamus, waɗanda su ma abin da suke nema ke nan. Kura ce ta ce wa akuya, zo in tsare ki kada damisa ta cinye ki.

Sa'an nan aka fara kariyar da igwa. Bida da Kwantagora da Yola a 1901, Bauci a 1902. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe wani Bature, Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, sai aka sami hujja. Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojan da ba su kai dubu ba, kusan dukansu baƙar fata, da yawa ma Hausawa, abin kunyar da ba za mu ɓoye ba. Suka fasa Bebeji a hanya, ran 3 ga Fabrairu 1903 suka shiga Kano, Sarki Alu ba ya gari. Ran 15 ga Maris suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, jama'a na barin gonakinsu suna bin sa, aka bi su har Burmi aka kashe shi da ɗaruruwan mutane ran 27 ga Yuli.

Yanzu ku auna da ma'aunin Bahaushe. An zo da ƙarfi? An zo. An zauna? An zauna har 1960. Wannan ita ce mamaya cikakkiya, babu ragi. Amma ku je ku nemi kalmar a takardunsu. Abin da suka kira tafiyar Kano da Sakkwato shi ne kalmar da Bature ke kiran tafiyar masu neman mafarin kogi ko masu hawan dutse. Ƙona gari kuma suna kiransa tafiyar horo, kamar uba ya tsawata wa ɗansa. Aikin duka in an haɗa shi, sunansa a wurinsu kwantar da ƙasa. Faransawa ma haka. Rundunar Voulet da Chanoine da ta ratsa ƙasar Hausa ta arewa a 1899, ta yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙona Birnin Ƙonni ta karkashe mutanensa a watan Mayu, a takarda sunanta aike zuwa tsakiyar Afirka. Aike! Kamar an ba yaro kwabo ya sayo gishiri.

Mu ba Lugga gaskiyarsa a wuri guda. Da ya tara manyan Sakkwato a watan Maris ɗin nan, bai yi musu noƙe-noƙe ba, ya gaya musu cewa da yaƙi Fulani suka sami ikon ƙasa da haraji, da yaƙi kuma ikon ya koma hannun Ingila. A gaban wanda aka ci ana faɗin gaskiya domin ya ji tsoro. Kalmomi masu laushi na mutanen Landan ne, domin su yi barci da daɗi.

Shekara uku bayan haka, a watan Fabrairu 1906, talakawan Satiru kusa da Sakkwato, manoma da bayin da suka gudo, suka tashi da gatura da fartanya suka kashe Turawa uku da sojansu. A watan Maris aka koma musu da bindiga mai ruwa, da goyon bayan sarakunan da Bature ya naɗa, aka kashe kimanin mutum 2000, aka baje garin. Sunan da aka ba mutanen Satiru shi ne 'yan tawaye. Ku duba fa: a shekara uku kacal baƙon da ya zo da igwa ya zama hukuma, ɗan ƙasa a ƙauyen ubansa ya zama mai laifi. Labarin tsamiyar nan ne, sai dai wannan maƙwabcin bai jira shekara goma ba.

Kada wani ya ce Bature kaɗai muke zargi. Mudu biyu ya riga shi zuwa. A ƙarni na 19, in Ningawa suka faɗo ƙasar Kano suka kwashi mutane, sunansa hari, kuma hari ne. In dakarun sarki suka faɗa ƙasar waɗansu suka kwaso mata da yara suka kai kasuwa, sai a ce an tafi yaƙi an samo ganima, maroƙa su yi ta kirari. Uwar da aka raba da ɗanta ba ta ga bambanci ba.

Abin da ya fi shafarmu yau shi ne yadda mamayar ta tuɓe kakin soja ta sa rigar doka. A 1910 Turawa suka yi dokar da ta sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin ikon Gwamna, wai yana riƙe ta amana domin 'yan ƙasa. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta sake dokar, ta cire Gwamna ta sa Minista, sauran zance yana nan. A 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta shimfiɗa irin wannan tsari a Nijeriya duka, ƙasar kowace jiha ta koma hannun Gwamnanta, amana kuma. Bisa ga wannan doka abin da kake da shi izinin zama ne, Gwamna yana iya soke shi in ya ce amfanin jama'a ya bukata, kuma diyyar da za a ba ka ta gini ce da shuka da abin da ka kashe a wurin, ita ƙasar kanta ba a biyan ka kuɗinta. Wa ke faɗin mene ne amfanin jama'a? Shi mai sokewar. Wanda ya taɓa ba wani ajiya ya dawo aka ce masa ai ajiyar ta bukaci a kashe ta, ya san irin wannan amana.

Ku tambayi mutanen Bakolori, wajen Talatar Mafara. An datse Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978 domin noman rani, ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka, aka karɓe waɗansu gonakin aka baje su, manoma suka yi shekaru ba shuka ba diyyar kirki. Da suka gaji suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilu 1980 aka aika musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka harbe mutane, aka ƙona gidaje. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. A bakin hukuma, manoman ne suka mamaye wurin aikin gwamnati. Manomi a kan gonar kakansa! Shi kuwa dam ɗin da ya haɗiye gonar, sunansa ci gaba. Ba mu ƙi dam ba, kowa na son noman rani. Abin da muka ƙi shi ne a ci gonar mutum, sa'an nan a ci sunansa.

Haka zancen burtali. A 1965 aka yi dokar keɓe wuraren kiwo a Arewa, kuma a takarda akwai fiye da 400 a ƙasar nan. Yau manomi na cewa shanu sun shigar masa gona sun yi ɓarna, gaskiyarsa. Makiyayi na cewa an nome burtali da mashaya, ba shi da hanyar wucewa, shi ma gaskiyarsa. Talaka biyu suna jifan juna da kalma ɗaya, daga kalma a koma sanda, daga sanda a koma bindiga, ga shi har mun kai inda hari irin na zamanin da ya dawo Zamfara da Katsina a kan babura. Amma akwai na uku da ba a cika ambata ba. Bayan 1999, a wurare irin su Zamfara, an yanka dazuzzuka da wuraren kiwo an raba wa manya, suka kewaye da waya. Manomin da ya ƙara kunya goma a burtali ya ci iyaka, mun yarda. Wanda ya kewaye daji guda fa? Shi mai zuba jari ne, har a kai masa lambar yabo.

Ku zo birni. Ganuwar Kano, wadda aka aza harsashinta tun zamanin Sarki Gijimasu wajen ƙarni na 12, ta tsaya ɗaruruwan shekaru, igwar Morland ma ƙofa kawai ta fasa. Abin da igwa ba ta yi ba takardar fuloti ta yi. Ku bi gefen badala ku ƙirga kantuna da gidajen mai, ku gaya mana mai tallan gyaɗa nawa ne a cikin masu su. Kududdufan da ke shanye ruwan birni an cike su ɗaya bayan ɗaya an yi gini. Sa'an nan in damina ta sauka ruwa ya rasa gidansa ya shiga na mutane, sai a ce ambaliya ta mamaye unguwa. Har ruwa ma an yi masa ƙazafi! Ruwa gidansa ya zo nema, ya tarar an ba wani. 'Yan Kantin Kwari ba su manta daminar 2022 ba, sa'ad da ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, kowa kuwa ya nuna gine-ginen da aka ɗora a kan magudanan ruwa. Wanda ya sa hannu aka yi ginin, wace kalma aka kira shi da ita a rediyo?

A duniya ma sana'ar ɗaya ce. Da Italiya ta auka wa Habasha a 1935 ta ce wayewa ta kawo. Da Iraƙi ta shiga Kuwaiti a 1990 kowa ya ce mamaya, kuma daidai ne, amma da Amurka ta shiga Iraƙi a 2003 sai ta raɗa wa yaƙin sunan 'yantarwa. Da Rasha ta auka wa Yukren a 2022 ta ce aikin soja ne na musamman, ta kuma hana jaridun ƙasarta kiransa yaƙi ko mamaya. Ba mu taɓa jin mai ƙarfin da ya tashi da bakinsa ya ce na zo mamaya ba.

Misalin da ya fi ba mu tausayi yana Tafkin Cadi. Da ruwan tafkin ya ja baya saboda fari, masunta da manoma daga Nijeriya, Hausawa da Barebari da sauransu, suka bi ruwa suna kafa ƙauyuka irin su Darak. Su dai kifi suke bi, ba su ga wani zane a ƙasa ba. A watan Oktoba 2002 Kotun Duniya, a shari'ar nan ta Bakasi, ta ce wurin na Kamaru ne, a Disamba 2003 Nijeriya ta miƙa ƙauyuka fiye da 30. Da me kotun ta auna? Da takardun da Ingila da Faransa suka rubuta tsakaninsu a 1919 da 1931. Ba mu ce a yi yaƙi ba, gara da aka rabu lafiya. Amma ku ga ikon Allah: layin da 'yan mamaya suka ja shi ne ya zama ma'aunin da ake gane wanda ya ci iyaka.

Wani zai ce, to ku kuna cewa talaka ba ya cin iyaka ke nan? Yana ci mana. Wanda ya shimfiɗa kayansa tsakiyar titi har motar asibiti ta kasa wucewa ya ci hanya, wanda ya toshe kwata da rumfarsa ya cuci maƙwabtansa, kuma shugabannin kasuwa su fara gaya masa tun hukuma ba ta zo ba. Ba mu nemi a sauya wa laifinmu suna ba. Cewa muka yi a auna kowa da mudu ɗaya. In tiren mai goro kutse ne, gidan man da ke kan badala a faɗi sunansa da irin muryar, a rana ɗaya, a rediyo ɗaya, katafila kuma ta fara da wanda ya fi ci.

Yanzu ku tuna abu biyun da muka ce ku riƙe. Ba a mamaya sai da ƙarfi, to wane ƙarfi mai tallan kayan miya ke da shi a kan gwamnati mai 'yan sanda da kotu da kurkuku? Ba a kutse kuma sai mai gida bai yarda ba. To, mai gidan da ya aiko yaronsa kowace safiya da littafin tikiti ya karɓi kuɗi a hannunka, ya yanka maka rasit mai hatiminsa, shekara da shekaru, da wane baki zai ce bai san da zamanka ba? Ko dai ka zauna da izini, a biya ka diyya a ba ka wani wuri kafin a tashe ka, ko kuwa kuɗin da aka yi ta karɓa ba bisa ƙa'ida aka karɓa ba, a dawo maka da su. Su zaɓi ɗaya.

Saboda haka muna kira ga kowane mai rumfa da mai tebur, kada ya sake yar da rasit ko tikiti, ko na kuɗin shara ne. A sami leda a adana su a gida, kada a bar su a rumfa inda gobara ko katafila za ta ci. Kowane layi na kasuwa ya sami littafi guda a rubuta sunan kowa, da shekarar da ya zauna, da wanda ya nuna masa wurin, dattawan layin su sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala. Ran da takardar tashi ta zo kada kowa ya je ofis shi kaɗai. A tafi tare, da littafin da ledojin, a nemi a nuna muku a rubuce wa ya sa hannu, wace doka ya dogara da ita, kuma wa za a ba filin bayan an tashe ku.